Wanda Ban Rubuta a Littafi Ba

Shekaru sun ja, kuma ban yarda da ƙwaƙwalwata kamar da ba. Wasu abubuwan ina ganinsu sarai, wasu kuwa mai yiwuwa kwana biyu na haɗa suka zama ɗaya. Ban ajiye ko takarda guda daga wancan lokacin ba, don haka ba zan ambaci shekara ko adadi ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, lamarin ya faru a ƙarshen shekarun da kuɗin fetur ya yi yawo a gari, lokacin da aka fara maganar wai baƙi sun yi yawa a ƙasa.

Ban daɗe da gama jami'a da hidimar ƙasa ba aka turo ni Kazaure aikin lafiya. Aikina rubuta gidaje ne kafin masu allurar rigakafi su zo. Aka ba ni babur da babban littafi mai baƙin bango. Kowane mutum yana da layinsa: suna, shekaru, ƙauye. A ƙarshen layin akwai gidaje biyar ƙanana da ake sa alama a ciki, na makaho, kurma, bebe, gurgu da mai taɓin hankali. Shugabanmu ya ja mana kunne cewa abin da mai gida ya faɗa da bakinsa shi za mu rubuta, kada mu ƙara, kada mu rage. Ni kuwa mutum ne mai tsoron kuskure tun ina makaranta, na riƙe wannan umarni da hannu biyu. Na zaga Roni da Gwiwa da shi ba tare da wata matsala ba, sannan aka tura ni ɓangaren Babura.

Tsakanin Babura da Kanya Babba akwai wata rugar Fulani da suka daɗe da zama, suna kiwo suna noman gero. Na isa da hantsi. Tun kafin in kashe babur na ga wani saurayi zaune a inuwar rumbu ya toshe kunnuwansa da tafukan hannu, yana kai jikinsa gaba yana dawo da shi baya. Zai kai shekara ashirin, ko ya ɗan haura. Dogo ne, fari sol, da gashi mai yawa da aka kitse masa gida biyu. Daga baya na ji cewa ba ya yarda aska ta taɓa kansa, kakarsa kaɗai ke iya kama gashin. A gabansa ya jera tsakuwa a layi, ƙanana zuwa manya, kuma a yatsunsa akwai wani kwabon sefa, kuɗin Nijar, da yake juyawa. Wani mai sayen shanu ne ya ba shi tun yana yaro.

Mai gidan, dattijo mai ƙarancin magana, ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo nono a ƙwarya. Ya lissafa mini matarsa, da 'ya'yansa, da mahaifiyarsa tsohuwa, ina rubutawa. Da ya gama sai na nuna inuwar rumbu.

“Baffa, wancan fa?”

Ya kawar da kai wajen garke. “Na tsohuwa ne.”

Na gane nan take. Ɗan fari ne. A gidanmu ma mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunan yayana ba har ta rasu, kuma Fulani sun fi mu riƙon wannan alkunya nesa ba kusa ba. Ɗan fari na kaka ne. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya cewa nawa ne a gaban mutane. Duk rugar haka suke kiransa, na tsohuwa.

Tsohuwar tana can gefe tana kaɗa nono. Ta ɗago ta ce, “Kai ɗan boko, me za ka rubuta a kansa?”

“Inna, sunansa kawai, da abin da ke damunsa.”

“Wa ya ce maka wani abu na damunsa? Ya fi ka sanin shanun nan. In ɗaya ba ta dawo ba, ba ya cin tuwo sai an nemo ta. Kai ka san yawan awakin gidanku?”

Matan suka yi dariya, ni ma na yi. Amma alƙalamina na tsaye a kan takarda. Ba kurma ba ne, tunda ƙarar babur ta dame shi. Ba zan ce bebe ba, domin an ce yana kiran shanu da wata murya tasa, kuma suna amsa masa. Gida ɗaya ya rage, na masu taɓin hankali, kuma a lokacin ana raɗe-raɗin cewa duk wanda aka rubuta a wannan gidan za a zo a kwashe shi zuwa Kano. Ban san ko gaskiya ne ba, har yau ban sani ba. Na ce a raina, mai gida bai lissafa shi ba, ni ma ban san inda zan sa shi ba, bari in bar layin haka har in tambayi shugabanmu. Na ga kamar na kare shi ke nan. Na bar layi ɗaya fari tsakanin sunan tsohuwa da gida na gaba. Da na koma Kazaure na tarar shugaban ya yi tafiya, da ya dawo kuma na ji nauyin tayar da maganar, kada a ce ban iya aikina ba.

Watanni suka wuce. Labarai suka fara zuwa daga kudu, cewa ana tara baƙi ana loda su a manyan motoci. A tashar Babura direbobi suka rage surutu. Mutanen Nijar da muka saba gani kullum suna kawo dabbobi suna sayen hatsi suka ɗauke ƙafa, waɗanda suka zo kuma ba sa kwana. Wani mai shayi ya cire rawaninsa ya sa hula. Na tambaye shi dalili, ya ce, “Malam, yanzu fuska ake dubawa, ba takarda ba.” Mu duka mun san babu mai takarda a wannan yanki. Rabin garin suna da dangi a tsallaken iyaka.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce. Muna ƙarƙashin wata tsamiya muna allura, littafin yana kan cinyata. Wajen azahar na ji kasuwar ta canza murya. Ba ihu ba ne, wani irin shiru ne da ya taso daga kara, wajen sayar da dabbobi, ya biyo rumfuna. Sai ga Arɗon rugar su na tsohuwa, wanda na saba gani a kasuwa, ya taho da sauri, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

“Malamin littafi, taso. Taso da littafinka.”

A bakin kara wata babbar mota na tsaye, bayanta a buɗe, da mutane a ciki a tsugune. Masu kaki ne suka zo da ita. Ba zan ce ga irin kakin ba, domin na kasa tunawa, kuma ba na son in ɗora wa wanda bai yi ba. Na lura da abu ɗaya: kusan duk waɗanda ke cikin motar dogaye ne farare, ko masu rawani. Na tsohuwa yana tsaye a gindin motar, wani ya riƙe masa hannu. Ya biyo wata saniya da aka kawo sayarwa ne. Hannunsa ɗaya da ya rage yana kan kunnensa, idonsa a ƙasa.

Babbansu ba mutumin yankinmu ba ne, Hausarsa ta bariki ce. Ya ɗaga kwabon sefa sama don kowa ya gani.

“Ga kuɗinsu a hannunsa. Na tambaye shi garinsu sau uku, ya ƙi magana. Dubi gashinsa. Wannan ɗan nan ne?”

Arɗo ya ce, “Ranka ya daɗe, a rugarmu aka haife shi. Ga mai gidansu nan.”

Babban ya juya ga dattijon. “Kai, ɗanka ne?”

Kasuwa guda tana kallo, har da surukansa. Na ga bakin dattijon yana motsi. Shekara ashirin bai taɓa furta wannan kalma ba, kuma ina jin harshensa ne ya ƙi juyawa. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Na tsohuwa ne, ranka ya daɗe. Na gidanmu ne.”

“Wace tsohuwa? Na ce ɗanka ne, ka ce na tsohuwa. Kun ji ko? Shi ma bai yarda ba.”

Mutane suka fara magana gaba ɗaya, kowa na ƙoƙarin yin bayani, hayaniyar ta sa na tsohuwa ya fara wani kuka mara hawaye. Babban ya daka tsawa. Arɗo ya tura ni gaba.

“Ga ma'aikacin gwamnati. Duk rugarmu tana cikin littafinsa.”

Babban ya dube ni, ya dubi takalmina, ya sassauta murya. “Yawwa, ɗan'uwa, kai mai ilimi ne. Buɗe mu gani. In yana ciki, ya tafi gida.”

Na buɗe. Na san abin da zan tarar tun kafin in kai shafin. Ya sa yatsa yana bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, Arɗo na faɗa masa wane ne wane, har yatsan ya zo kan farin layin ya wuce.

“Babu shi.”

“Akwai bayani, ranka ya daɗe,” na ce. “Na gan shi a rugar. Al'ada ce, ɗan fari…”

“Ka rubuta shi ko ba ka rubuta ba?”

“Ban rubuta ba, amma…”

“Za ka sa hannu a takarda cewa a ƙasar nan aka haife shi? Ka ga haihuwarsa?”

Alƙalami yana aljihuna. Kalma ɗaya ake nema. Abin da ya fito daga bakina, kuma wannan ban manta ko harafi ba, shi ne: “Ina kyautata zaton haka ne, amma ba zan iya cewa tabbas ba.”

Ya rufe littafin da kansa ya miƙo mini. Aka ɗaga na tsohuwa aka sa a mota. Sai a lokacin dattijon ya ɗaga murya ya ce, “Ɗana ne! Wallahi ɗana ne!” Amma an riga an tayar da inji, kuma ban tabbata babban ya ji ba. Motar ta bi hanyar iyaka. Kwabon sefa ya rage a ƙasa, Arɗo ya ɗauka.

Abin da ya biyo baya ji na yi, ban gani ba. An ce dattijon da ƙannensa biyu sun bi sawu a ranar, sun tsallaka, sun yi kwanaki suna tambaya ƙauye ƙauye. Wani direba ya gaya mini an sami na tsohuwa a bakin wata rijiya yana bin shanun wasu. Wani kuma ya ce ba shi ba ne. Ban koma rugar ba. Na shirya zuwa ya fi sau uku, kowane lokaci in kai mararraba in juya babur. Kafin damina aka mayar da ni Kano.

Da daɗewa bayan haka na ji likita a rediyo yana bayanin yaran da ba sa haɗa ido da mutane, masu jera abubuwa a layi, waɗanda ƙara ke damunsu. Ya ce wasu na kiran abin galahanga, kuma ba hauka ba ne. Ya ce babu wanda ya san yawansu a ƙasar nan domin ba a taɓa ƙirga su yadda ya kamata ba. Ni ba likita ba ne, ba zan ce lallai abin da ke tare da na tsohuwa ke nan ba. Na dai kashe rediyon.

Mutane da yawa sun tsaya a bakin kara a ranar, wasunsu na iya kasancewa da rai a Babura ko Kanya Babba. Idan na sauya wani abu, ko na sassauta wa kaina a inda bai kamata ba, ina roƙon wanda ya gani ya aiko mini da gyara ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu. Wanda kuma ya san ko na tsohuwa ya dawo gida, don Allah ya faɗa mini, ko da amsar ba mai daɗi ba ce.