Tsumma Ɗaya, Shanu Goma Sha Bakwai

Mai Idon Shanu ake ce masa. Duk garken da saniya ta fara zubar da hawaye tana gudun rana, shi ake aika wa. Zai sa a ɗaure ta a inuwa, ya buɗe fatar idon da babban yatsa, ya wanke kwantsar da ruwan gishiri mai ɗumi, ya matsa magani. Nan take sai ya ƙone tsumman, ya ɗauko wani don ta gaba. Makiyaya na tsokanarsa, wai matarsa ba ta isa ta ajiye tsohon zani ba.

Akwai abin da yake ɓoye wa yayansa. Yana saurayi, ciwon ido ya kama karsana ɗaya a garken yayan. Mai Idon Shanu ya wanke mata, sannan don tsabar kulawa ya bi sauran goma sha shida da tsumman nan yana goge musu, wai rigakafi. Kafin sati biyu hakiya ta rufe idanun tara daga cikinsu. Suna karo da turaku, suna tsayawa dab da ruwa ba sa ganinsa. Mahauta suka kwashe su.

Yayan ya ce bakin maƙwabcinsu ne ya kama shanun, don ya yabi garken kwana uku kafin nan. Ya daina gaisawa da shi, ya hana 'ya'yansa shiga gidan. Bayan shekara huɗu, wani likitan dabbobi ya zo koyar da makiyaya, ya bayyana yadda tsumma ke kai ciwon daga ido zuwa ido. Mai Idon Shanu na zaune a sahun gaba. Ya koma gida bai gaya wa kowa ba. Tun daga ranar, duk idon da ya buɗe, waɗancan fararen idanun yake gani.

Ran da maƙwabcin ya rasu, yayan ya ce ba za shi jana'iza ba. Mai Idon Shanu ya same shi a ƙofar gida, ya durƙusa.

"Yaya, ni ne. Tsumman hannuna ne ya makantar da su. Bawan Allah nan bai yi maka komai ba."

"Tun yaushe ka sani?"

"Shekara ashirin da shida."

Yayan ya ce a miƙo masa takalminsa. Ƙanen ya kai hannu zai taimaka masa ya tashi, tsohon ya ture hannun. Suka fita, yayan na gaba yana jan ƙafa. Ko da suka isa, an riga an ɗauki gawar.