Layi Goma Sha Ɗaya

Ranar wata Laraba ce, cikin sanyin shekarar da na cika sha ɗaya. Ba a zuwa makaranta ranar, ga ƙanƙara ta rufe filin wasanmu na Rillieux-la-Pape, a gefen birnin Lyon, ni kuwa ina zaune a ƙasa tsakanin gwiwoyin Kaka Zuwaira, a gidanmu da ke hawa na tara, wuyana kamar ya tsinke. Mahaifiyar babana ce, an kawo ta Lyon daga wani gari kusa da Maraɗi don a duba mata zuciya. Ta tsaga gashina da tsinke, ta shafa man kaɗe, ta ce, "Zamna da kyau, ja'ira. Wanga layi na Iya Tsahara ne." Idona yana kan talabijin, kunnena ɗaya kawai na ba ta.

Iya sarauta ce a garinmu. 'Yar sarki ko ƙanwarsa ake naɗawa, ita ke sauraron ƙarar mata, ita ke tsawata wa kasuwa, wani lokaci har sarkin take tare wa hanya. An yi goma sha ɗaya, ta ƙarshensu ita ta haifi Kaka. Sunayen sarakuna maza suna bakin maroƙa, ana buga musu tambari duk Salla. Na matan kuwa ba mai kaɗa musu ko gwangwani. A kai ake ajiye su: kitso layi goma sha ɗaya daga goshi zuwa ƙeya, kowane layi da mai shi, ana kitsawa ana faɗa wa 'yar gida sunanta da abin da ta yi. Tsahara ta buɗe rumbun sarki a shekarar yunwa ba da izininsa ba. Dela ta hana a sayar da matan da aka kamo a yaƙi. Gwamma ta haƙa rijiyar da ke bayan kasuwa. Kande ta yi wata bakwai ba ta taka fada ba, sai da aka janye harajin daddawa. Daga nan barci ko haushi yake ɗauke ni.

Ni lokacin abin da ya dame ni daban ne. Da safe in sauke shara, in sayo burodi, in hana Kaka daka a turmi, don tsohuwar da ke ƙasanmu tana zungurar silinta da sandar tsintsiya. A makaranta kuma, da mun fito tsallen roba, sai 'yan ajinmu su bi layukan kaina da yatsa suna kukan jirgin ƙasa. Matan sarakunan Faransa da ke jere a bangon aji na haddace su tsaf, har malama tana yabona. Na tsani Laraba, na tsani ƙamshin man kaɗe.

Na yi ta damun Mama da kuka har ta gaji. Wata Asabar ta kai ni wani shagon gyaran gashi a La Guillotière, aka shafa mini man miƙar da gashi. Ya ci fatar kaina kamar barkono, na cije. Sati biyu ina yawo ina kaɗa kai kamar wata 'yar gwamna. A na uku gashin ya fara bin mataji, kafin wata ya ƙare sai da aka aske saura.

Kaka ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Laraba ta zo, ta kira ni, ta ɗora tafinta a kaina tana lalube, ba abin kamawa. Kunya ta kama ni, na ɗauko littafin makaranta na ce, "Kaka, ki faɗa in rubuta." Ta gyara zama ta fara. Ta kawo huɗun da na sani, ta tsaya, ta koma farko, yatsunta suna motsi a kan cinyarta. "Ba su zuwa," in ji ta. "Ga hannu suke, ba ga baki ba." Mama ta cire ɗankwali ta ce ga nata kan. Kaka ta ce Mama ɗiyar wani gida ce, ba a yi. Har yau in na tuna wannan taurin kai raina yana ɓaci, sai kuma in tuna wa ya fara.

Takardar zamanta ta ƙare da shigowar bazara. A filin jirgi ta shafa ɗan tsiron da ya fito mini ta ce, "In ya kamu, ki taho hutu." Ta rasu kafin a yanke gero.

Yanzu ina Paris, a Belleville, ina aiki a kantin magani. Na buga wa gwaggonnina waya ɗaya bayan ɗaya, kowacce Tsahara da Dela take maimaita mini, ta ce ai Kaka ce mai riƙon sauran. Na shiga ɗakunan karatu na bi tsofaffin takardun Turawan mulki. Na samu sarakunan garinmu a jere, har da wanda bai cika shekara a gado ba, amma ko Iya ɗaya ban gani ba. Sunayen da ke bangon ajinmu kuwa, ko daga barci aka tashe ni zan kawo su.

Ina da 'ya, Zuwaira, shekararta tara. Duk Laraba nakan zaunar da ita tsakanin gwiwoyina in tsaga layi goma sha ɗaya. Takan yi mita da Faransanci, takan miƙa hannu wajen wayata, in buge hannun. Makon jiya, da na gama layin Kande na kama na biyar, ta ɗago kai ta ce, "Mama, wannan fa na wa ne?" Na ce ta sunkuya. Na kitse sauran bakwai ɗin.