Rabin Shagon Mai Almakashi

Goggona mace ce da ba ta neman shawara sai ta gama yanke hukunci. Ƙanwar babana ce, tela, kuma tun ina rarrafe na san shagonta a ɗakin da ke bakin ƙofar gidanta: kekunan ɗinki, teburin yanka mai faɗi, da ƙyallaye ko'ina har cikin takalman baƙi. Tare suke da aminiyarta, wadda kowa ke kira Mai Almakashi. Ita ke awo da yanka, Goggo ke ɗinki, ba mai taɓa aikin 'yar'uwarta. Wa ya sayi wane keke, wa ya kawo tebur, su kansu sun manta. Zancen rajista kuwa, Goggo takan ce duk unguwar ta san su, wace rajista ce ta wuce wannan.

Abu biyu suka sauya mata ra'ayi. Wata makaranta ta so ba su ɗinkin kayan ɗalibai, amma ta ce sai da shaidar rajistar kasuwanci da ta haraji. Na biyun ya fi ciwo. Idon Goggo ya fara hazo, a ɓoye nake zura mata zare a allura, sai kuma ta ji babban ɗanta a waya yana cewa in tsohuwa ta ajiye aiki zai mai da shagonsu wurin sayar da wayoyi. Ba mugu ba ne. Ya ga ɗakin a gidan uwarsa yake, ya ɗauka Mai Almakashi 'yar aiki ce.

Goggo ta sa na raka ta ofishin wata lauya. Lauyar ta ce rajista ba wuya, ko ni zan iya bi mata. Abin da ke buƙatar lauya shi ne shagon mutum biyu da ba a rubuta rabon kowa ba, don ranar da ɗaya ta faɗi, magada za su ɗauka duka gado ne, ɗayar kuma ba ta da shaida sai bakinta. Ta ce a zo da abokiyar aikin, ba a rubuta wa mutum yarjejeniya a bayan idonsa.

A nan Goggo ta tafka kuskure. Tana taka keke, ko kai ba ta ɗago ba, ta ce wa Mai Almakashi, "Gobe ki shirya, za mu wurin lauya."

Ga mata irinsu, ba a zuwa wurin lauya sai zama ya ƙi daɗi. Mai Almakashi ta ajiye yadin da ke hannunta.

"Ni za ki kai gaban lauya? In kin gaji da ni ai sai ki faɗa, in ɗauki almakashina in ba ki wuri."

"Ke dai ki zo."

Ba ta zo ba, kuma ta daina zuwa shagon. Goggo ta gwada yanka da kanta, ta fitar da riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Haushinsu ya kama ni su duka biyun. Na ce, "Goggo, ki gaya mata gaskiya mana."

"In ce mata me? Na makance, kuma ɗana na jiran in kauce?"

Girman kai ne, kuma ta san shi ne. Wata safiya ta yafa mayafi, ta ɗauki allura da zare, muka nufi gidan aminiyarta. Ko gaisuwar kirki ba a yi ba ta zauna a gabanta, ta shiga ƙoƙarin zura zaren. Ya wuce ta gefe. Ta lashi bakinsa, ta sake, ya sake wucewa.

"Kin gani," in ji Goggo. "Ranar da na sauka daga keken nan, yarana za su ce komai nasu ne. Rabi naki ne. So nake a rubuta tun ina da bakin magana."

Mai Almakashi ta karɓi allurar, ta zura zaren, hawaye na zubo mata. "Shi ne kika ɓoye min, ina zaune kusa da ke kullum?"

A ofishin lauya sai da aka yi rigimar da ake gudu. Goggo ta ce sabon keken na Mai Almakashi ne, ita kuma ta rantse na Goggo ne. Lauyar ta ce ba ta taɓa ganin masu jayayya kowa na tura wa ɗan'uwansa kaya ba. Aka dai rubuta rabi da rabi, da abin da za a yi in ɗaya ta gaza ko ta rasu, aka sa sunayensu biyu a takardar neman rajista.

Da aka miƙa wa Goggo biro, ta sunkuya tana neman layin sa hannu, ba ta gan shi ba. Mai Almakashi ta ɗora yatsarta a kan wurin, yadda take nuna mata inda ɗinki zai bi, Goggo ta sa hannu.