Kiran Da Na Ƙi Ɗauka

Akwai wata ranar Laraba da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Shekaru sun wuce, amma har yau idan na tuna ta sai in ɗage ƙafata daga kan keken ɗinki, in fita ƙofar shago in ɗan tsaya, don zama ba ya yiwuwa.

Ni tela ne a Wurno. Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, manomi ne a fadamar Taloka, can wajen Goronyo. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni wurin koyon ɗinki. Mutum ne mai barkwanci, duk inda ya zauna sai an taru. Shekarar da gulbi ya cika ya yi ambaliya, ruwa ya tafi da shinkafarsa da albasar da ya ajiye, ya rushe masa ɗakuna biyu. Sai na ɗauko shi da iyalinsa suka dawo gidana kafin a ga abin da Allah zai yi.

Tun da ya zo na ga ba yayan da na sani ba ne. Ba ya zuwa majalisa, ba ya taɓa abinci sai an matsa masa. Yakan zauna a zaure ya zuba wa bango ido, can ya miƙe ya zagaya tsakar gida, ya dawo ya zauna, ya sake miƙewa. Ga ciwon kai da jiri. Da abin ya yi yawa na kai shi asibitin garinmu.

A lokacin ma'aikatan lafiya na Wurno da Rabah da Goronyo sun haɗa kai a kan masu hawan jini. Kati iri ɗaya suke bayarwa, duk asibitin da ka je a cikin ƙananan hukumomin uku za a karɓe ka, a ga maganin da kake sha. Suna kuma da wani likita mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa da yake zagayawa tsakaninsu. Ni dai a wancan lokaci ban ɗauki wannan tsari a bakin komai ba, na ɗauka irin abin nan ne da ake farawa da zafi a watsar.

Malamar asibitin da ta duba shi dattijuwa ce mai sanyin magana. Ta ɗaura masa abin awo a hannu, ta duba, ta sake aunawa, ta ce jininsa ya hau sosai. Ta rubuta magani ta ba shi kati. Ina shirin mu tashi sai ta gyara zama ta fara yi masa wasu tambayoyi. Yana samun barci? Abinci yana yi masa daɗi? Akwai ranar da yake jin rayuwa ta ishe shi? Yaya ya sunkuyar da kai.

Ta ja ni gefe. "Malam, yayanka ciwo biyu gare shi. Ɗaya na jini, ɗaya na damuwa. Likitan ƙwaƙwalwa shina zuwa nan mako mai zuwa, ka kawo shi."

Na ji kamar ta mare ni. "Mi kike nuhi, Malama? Yayana mahaukaci na?"

"Ban ce haka ba. Damuwa ciwo ce, kuma tana da magani. In an bar ta, ko maganin jinin ba shi aiki yadda ya kamata."

"Mu gidanmu babu wagga cuta," na ce mata. "Jarrabawa ce ta same shi, addu'a muke yi."

"Ku ci gaba da addu'a," in ji ta, "ku haɗa da magani."

Na kama hannun yaya muka fita ko sallama ban yi mata ba. Yanzu da nake waiwaye na gane ba yayana nake karewa ba, kaina nake karewa. Ina tsoron a ce an ga wan tela a layin likitan ƙwaƙwalwa. Ranar da likitan ya zo ban kai shi ba. Malamar ta kira ni sau biyu a makon, na duba lambar na mayar da waya aljihu.

Sai ranar Larabar. Mun yi sallar asuba tare, na wuce shago. Da hantsi matarsa ta aiko a tambaye ni ko yana wurina, kokonsa ya huce bai dawo daga masallaci ba. Na koma gida na tarar da wayarsa a kan tabarma. Na duba masallaci, na duba tasha, na leƙa wurin masu shayi. Babu wanda ya gan shi. Zuciyata ta ba ni cewa gonarsa ya tafi, sai na ari babur na kama hanyar Goronyo.

Ina cikin tafiya waya ta yi ƙara. Na tsaya da sauri, ina fatan labarinsa ne. Lambar malamar asibiti ce. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata wannan mata ba ta da aiki sai maganar likitanta, ni ina neman ɗan'uwana. Na kashe kiran. Kafin in isa Taloka ta sake kira har sau biyu, ban ɗauka ba.

A Taloka gonar tana nan shiru, laka ta bushe ta tsattsage. Na bi bakin ruwa ina kiransa, ina leƙa duk inda ciyawa ta yi duhu, ina tsoron abin da zan gani. Tambayar nan da malama ta yi masa, ko rayuwa ta ishe shi, ita ta riƙa dawo mini, tare da yadda ya sunkuyar da kai. Na tambayi masu ban ruwa, na tambayi wani masunci yana gyaran taru. Kowa sai ya ce rabonsa da shi tun ambaliya. Na hau babur, na sauka, na koma gonar, na sake fitowa. Ban san inda zan nufa ba.

Wani tsohon maƙwabcinsa ne ya ce, "Ka tahi asibitin Goronyo ka tambaya. In ya faɗi a hanya can za a kai shi."

Azahar ta yi lokacin da na shiga. Ma'aikacin da na samu ya ce ba a kawo kowa ba, amma ya tambaye ni ko yayana yana da katin hawan jini. Na ce yana da shi, na Wurno. Ya ɗauki wayarsa ya duba saƙonnin da suke aika wa juna, su ma'aikatan garuruwan uku. Sai na ga ya ɗago kai ya dube ni.

"Kai na ƙanensa, tela?"

Na ce, "Mi yas same shi?"

Sai ya buga waya ya miƙo mini. Muryar malamar Wurno ce.

"Malam, tun hantsi nike kiranka. Yayanka shina asibitin Rabah. Shina da rai. Ka kwantar da hankalinka ka tahi a hankali, kada kai ma a kwashe ka a hanya."

Babu faɗa a muryarta, babu gori, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

A Rabah aka ba ni sauran labarin. Ashe mota ya shiga daga tasharmu ba tare da ya san inda za ta ba. Da ya sauka ya yi ta tafiya a ƙasa har jiri ya kayar da shi kusa da kasuwa. Mutane suka kai shi asibiti, ba ya magana, babu wanda ya san shi. Katin da matarsa take saka masa a aljihun riga kullum shi aka gani. Daga nan suka san maganin da yake sha, suka kira Wurno. Malamar ta gaya musu abin da ta lura da shi, ta ce ko jinin ya sauka kada a bar shi shi kaɗai, kada a sallame shi sai ɗan'uwansa ya zo. Don haka na tarar da wani ma'aikaci zaune a gefen gadonsa, ya fi awa huɗu bai gusa ba.

Na zauna na riƙe hannunsa. "Yaya, ina za ka?"

"Ban sani ba," ya ce. "Na dai hita, kuma ban yi niyyar komowa ba. Na zame maka kaya. Ni da nike ciyar da mutane, yau ƙanena ke ciyar da ɗiyana."

Wata uku muna gida ɗaya, muna cin tuwo a kwano ɗaya, ban taɓa jin wannan magana ba, don ban taɓa tambaya ba. Na yi kuka a gaban mutane, ban damu da wanda ke kallo ba.

A wannan makon Goronyo likitan ƙwaƙwalwar zai je, sai aka rubuta mana takarda muka same shi can. Ni na shiga layi na riƙe wa yaya wuri. Na ga wani da nake yi wa ɗinki, shi ma ya gan ni, muka gaisa, ashe mahaifiyarsa ya kawo. Sauƙi bai zo a rana ɗaya ba. Ya sha magani, ya yi ta komawa suna zantawa, wani lokaci a Wurno, wani lokaci a Rabah, duk inda likitan ya sauka. Akwai makonnin da abin ya so ya dawo. Amma da rani ya zagayo, da kansa ya ce in raka shi Taloka ya ga inda zai zuba irin albasa.

Na je na ba malamar haƙuri. Ta yi murmushi ta ce in miƙo hannu, ni ma ta auna ni tunda na zo.

Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, ciwon da ke cikin zuciya ciwo ne kamar na jini, kuma sau da yawa tare suke tafiya. Mutanen garuruwa uku da ba su haɗa komai da yayana ba sun haɗa kai sun tsare ransa, ni da muka sha nono ɗaya na kusa rasa shi saboda gudun abin da za a ce. Tun daga nan, idan na ga nawa ya yi shiru, ba na jira. Zama nake yi kusa da shi in tambaye shi abin da ke damunsa, kuma in tsaya in ji amsar.