Soron da Muka Kulle

A gidanmu na cikin tsohuwar Yola akwai wani soro da kakan kakanmu ya gina. Bangon ƙasa ne, an jera azarar giginya a sama, duk ta yi baƙi ƙirin saboda hayaƙi. A nan Dada, kakarmu, take hura wuta safe da yamma har ta rasu. Muna yara, ɗakin tari muke ce masa.

Shekarar da 'yan tada ƙayar baya suka koro mutane daga arewacin jihar, Bappa, ƙanen mahaifina, ya je sansanin Malkohi ya kwaso wata mata da 'ya'yanta, ya sauke su a soron. Ta kafa murhu daidai inda na Dada yake. Kafin damina ta kwaɓa ƙasa ta yi wa rufin yaɓe, ba wanda ya sa ta.

Ana nan sai wasu masu sha'awar tsofaffin gine-gine suka zo daga Jimeta. Suka yi ta ɗaga kai suna ɗaukar hoto, suka ce irin wannan rufi ya yi wuyar gani, a kula da shi. Bappa kuwa yabo kaɗan ke fasa masa kai. Washegari ya ce wuta ta bar shiga soron, kada kayan tarihi ya ƙone.

Matar ta ce, "Bappa, ɗakin nan yana son mutum fa."

"Adana shi za mu yi," in ji Bappa.

Ya kama musu haya a Namtari, ya danna wa ƙofar kwaɗo. Duk muka yaba masa.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo. Rufi ya fara yoyo, babu mai kwana a ciki balle ya ji ɗigo. Babu wutar da za ta busar da danshi, har bakin azarar ya ruɓe a cikin bango. Ranar da rufin ya rufta, ƙofar na nan tsaye da kwaɗonta. Na yi kuka kamar Dada ce ta sake rasuwa.

Matar ta zo jaje. Bappa ya kasa haɗa ido da ita, ya nuna mata tarin karyayyar azara, ya ce ta ɗiba ko ta yi girki.

Ta daɗe tana kallon inda murhunta yake a da.

"A bar shi, Bappa," ta ce. "Ya jiƙe, ba zai kama ba."