Gwiwar Lamba Tara

A shekarun da nake tsaron raga, babbar ƙungiyarmu tana can babban birnin jiha tana buga gasar ƙwararru. Mu kuwa ƙungiya ta biyu ce, aka ajiye mu a Jega muna fafatawa a ƙaramin rukuni. Sunanmu ɗaya da su, launin rigarmu ɗaya. Rigunan ma nasu ne. Sai sun koɗe a jikinsu ake cusa su a buhu a aiko mana.

Daga Aliero nake zuwa atisaye, a bayan motocin da ke kai albasa kasuwa, in isa fili ina warinta. Baba bai taɓa son abin ba, ya fi so in tsaya a lambu. Amma duk mun ɗauka wata rana za a kira mu sama, wannan tunanin kuwa ya ishi saurayi ya jure komai.

Wanda ya fi mu duka shi ne lamba tara, wani Bafulatani daga wata ruga a Sarandosa. Koci ne ya gan shi a wasan ƙauye yana gudu ba takalmi, ya kawo shi. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana. Yana kirana Kaɗo, ina kiransa Fillo, furar da innarsa ke damo masa tare muke shanta a inuwar katangar fili.

A kakarmu ta ƙarshe komai ya yi mana daidai. Mun ci wasa a filayen da yashi ke riƙe ƙafa, mun ci a garuruwan da 'yan kallo ke jifan mai tsaron raga da dutse. Ita kuwa babbar ƙungiya sai shan kashi take, har ta faɗo zuwa rukunin da ke samanmu, wanda muke neman hawa. Muka riƙa dariya a tsakaninmu, muna cewa baɗi za mu haɗu da masu tsofaffin rigunanmu a fili ɗaya.

Saura wasa guda, in mun ci mun hau. Ruwan sama ya kwanta a filinmu na Jega, sai aka mai da wasan Maiyama. Matsalar ita ce Fillo ya bugu a gwiwa a wasan da ya gabata, ta kumbura. Na raka shi wurin wani mai ɗori a unguwar Jega Magaji, tsohon ya tattaɓa ya ce ya huta, kada ya kuskura ya yi gudu a kanta.

Ranar wasa Koci ya ja shi gefe, ina tsaye ina sa safar hannu.

"Ɗana, wanga wasa shi na rayuwarku," in ji shi. "In munka hau, manya da kansu za su zo nemanka. Allura ɗai za a yi ma, ba ka jin komi."

"Koci, mai ɗori ya ce in huta."

"Ka huta gobe. Dubi can, ba mutanenku ba ne?"

Mutanensu ne kuwa. Sun zo daga ruga da sandunansu a kafaɗa, har da baffansa wanda bai taɓa kallon ƙwallo ba. Fillo ya dube su, ya zauna a benci ya miƙa ƙafa aka yi allurar.

Har aka tafi hutun rabin lokaci babu ci. Bayan an dawo aka jefa masa wata ƙwallo ta sama, ya tare ta da ƙirji, ya juya a kan ƙafar mai ciwo ya buga. Ƙwallo ta shiga raga, ɗan bayan abokan karawarmu kuma ya faɗo masa da dukan nauyinsa a kan gwiwar. Ina can ɗaya ƙarshen fili, ga ihun jama'a, amma na ji ƙararsa. Da wannan ƙwallo ɗaya muka tashi.

A bayan a-kori-kura muka kai shi asibiti, kansa a kan cinyata, gumi na zuba.

"Kaɗo, mun hau?"

"Mun hau, Fillo."

Ya rufe ido yana murmushi.

Bayan 'yan kwanaki aka tara mu a filin Jega. Wani jami'i ya zo daga ofishin ƙungiya cikin farar babbar riga, ya yaba mana, sannan ya ce a bisa doka ƙungiya ɗaya ba ta ajiye 'ya'ya biyu a rukuni guda. Tunda babba ta faɗo can, ƙarama ba ta hawa. Ya ƙara da cewa an ma yanke shawarar rufe ƙungiya ta biyu, a mai da hankali ga ceto ta farko.

Kyaftin ɗinmu ya tambaye shi, "Ranka ya daɗe, yaushe kunka san haka?"

"Ai tun ranar da babba ta faɗo. Kocinku ma an sanar da shi."

Wato tun kafin wasan Maiyama. Na bi Koci har inda ya jingine babur ɗinsa.

"Koci, ka san ba mu hawa, ka sa anka yi mai allura?"

Bai ko sunkuyar da kai ba. "Manya na son abin da za su nuna bana, ko da nasara guda. Da na hwaɗa muku, wa zai yi gudu?" Ya tayar da babur ya tafi. Ba a jima ba muka ji an ɗauke shi mataimakin koci a babbar ƙungiya.

Ni aka bar wa kai labari Sarandosa. Na same shi kwance a kan tabarma a ƙofar bukka, an ɗaure ƙafar. Na faɗa masa duka. Ya daɗe yana kallon maruƙan da ke ɗaure, sannan ya ce:

"To ƙwallon da na ci, an ƙirga ta?"

"An ƙirga."

"Ga wa?"

Innarsa ta ajiye mini ƙwaryar nono, na kasa sha.

Gwiwar ba ta koma daidai ba. Daga ofis babu wanda ya taka rugar. Yanzu idan rani ya yi ƙannensa suka kora shanu kudu neman ciyawa, shi a gida ake barinsa tare da tsofaffi da maruƙa, ga Bafulatani kuwa wannan ya fi ciwon ƙafar zafi. Ni na koma lambun Baba.

Mukan haɗu a kasuwar Jega, ni da albasata, shi ya rako mata sai da nono. Muna hirar ruwa da tsadar dusa, ba ma zancen ƙwallo. Kocin ma yakan biyo ta rumfarmu wani lokaci, ya yi ƙiba, ya yi sallama da fara'a kamar ba abin da ya taɓa haɗa mu. Nakan amsa masa don addini ya ce a amsa, in juya ga buhunana har ya wuce.