Lakile Na Uku

Duk mai bin hanyar Jiratawa zuwa Maraɗi da sassafe ya san Ya'u mai zogale, ko da bai san sunansa ba. Kafin ka gan shi za ka ji shi: ƙiii-ƙaƙ, ƙiii-ƙaƙ, kukan kekensa ke nan. Shekara ashirin da bakwai yana ɗauko buhunan ganye daga lambunan bakin Gulbi, yana rarraba wa mata masu dafawa a cikin gari. Da keken nan ya aurar da 'ya'ya uku. Ba shi da lambu nasa na kansa, ba shi da jaki. In babu keke, babu tuwo a gidan Ya'u.

Gurgu ake ce wa keken. Tun shekarar da suka faɗi tare a gangaren gulbi jikinsa ya karkace, yake fizgar hagu kamar jakin da ya hango gida. Birki ya daɗe da mutuwa, da dugadugin takalmin taya Ya'u ke tsayar da shi.

"Baba, yaushe Gurgu zai huta?" 'yan kabu-kabu kan tsokane shi.

"Ran da naku ya daina shan mai," shi kuma ya amsa.

Bai taɓa kulle shi ba, tsinken roba kawai yake ɗaurawa. Sai bana kekuna suka fara ɓacewa a gari, ba hayaniya, ba a ga kowa da gudu ba. Mutum ya juya baya, ya waiwayo, sai ƙasa. Da abin ya kai kan Ɗanlami, abokinsa mai kawo barkono daga Tibiri, matar Ya'u ta tsare shi a bakin ƙofa.

"Malam, yau ba ka dawo mini gidan nan sai da kwaɗo da sarƙa."

"Safiyatu, wa zai ɗauki Gurgu?"

"Wanda ya ɗauki na Ɗanlami. Shi ma ai ba sabo ba ne."

Ranar Litinin ya shiga layin 'yan ƙarafa a kasuwa. Ƙananan kwaɗuna masu araha, ko ƙusa ka zura musu sai su yi hamma. Manyan da ake sa wa babur kuwa, kuɗinsu ya kai cinikinsa na sati biyu. Ya ɗaga wannan ya ajiye, ya jijjiga wancan ya ajiye, har rana ta take. Yana shirin haƙura sai aka kira shi daga ƙarshen layi.

"Baba mai zogale! Matso nan, tun ɗazu nake kallon wahalarka."

Wani dogon mutum ne mai sanyin murya, da ɗan teburinsa, Dogo ake ce masa. Ya zaro wani kwaɗo ruwan tagulla daga kwali, ya ɗora wa Ya'u a tafin hannu. Nauyinsa kamar ɗan dutsen niƙa.

"Wanga ko zarto ya gan shi sai ya yi sallama. Kawo jika biyu, har da sarƙa."

"Jika biyu? Can an ce mini bakwai."

"Ai su kasuwa suke, ni lada nake nema wurin dattawa irinku." Yana auna sarƙar a jikin keken yana hira. "Daga Jiratawa kullum? Kai, sannu da ƙoƙari. To ina kake barinsa in za ka daɗe? Don in san tsawon da zan yanke maka."

"Sai dai ran Juma'a. Masallacin nan na unguwar Zariya, jikin falwayar lantarki."

"Madalla. Falwaya ai ba ta tsiguwa."

Ya miƙa masa lakile biyu, wato makullan kwaɗon, a zobe, ya raka shi da addu'a. Ya'u ya yi nisa ya waiwaya, ya ga har yanzu Dogo na kallonsa, yana rubuta wani abu.

A gida Safiyatu ta juya kwalin, ta juya zoben.

"Malam, nan a hoto lakile uku ne."

"Hoto ne. A hoton gwangwanin madara ma saniya kike gani."

"Dubi bakin zoben. An buɗe shi an mayar."

"Ke dai ba a iya miki. Babu kwaɗo magana, ga kwaɗo magana."

Ta ajiye zoben a hankali kamar mai ajiye kunama.

Ranar Juma'a ya gama rabon ganye a makare. Ya iso masallaci liman ya yi nisa a huɗuba, sahu ya malalo har kan titi. Yana cikin zagaya sarƙa a falwaya sai ga Ɗanlami, ƙafafunsa furu-furu da tafiyar ƙasa. Ɗanlami ya tsaya cak.

"Ya'u, ina ka samo wanga?"

"Mi ya faru?"

"Irinsa sak na sa wa nawa. Ba yanke shi aka yi ba. A buɗe na iske shi a ƙasa, lafiya lau, kamar ni na buɗe da hannuna."

Ya'u ya ɗago kai. "Wurin wa ka saya?"

"Wani dogo, ƙarshen layi. Mutumin kirki, har ragi ya yi mini."

"Lakile nawa ya ba ka?"

"Biyu."

Daidai nan aka ta da iƙama. Ya'u ya dubi keke, ya dubi sahu. Ba wani masallacin da zai kai yanzu. Ya danna kwaɗon, ya shimfiɗa buhu a sahun ƙarshe, taku biyu daga falwaya, yadda inuwar Gurgu za ta kwanta a gefen ƙafarsa. Amma wani dattijo ya juyo daga gaba.

"A cike gurbi, bayin Allah! A matso!"

Aka tura shi sahu ɗaya, aka sake tura shi wani, aka kuma. Kafin ya yi magana liman ya kabbarta, mutane sun rufe bayansa kamar ruwa.

Raka'ar farko ta wuce lafiya. Ya'u bai ji ko aya ɗaya ba, kunnuwansa duk suna ƙeya. Titi ya yi tsit, ko akuya ba ta motsi. A raka'a ta biyu, ana tsakiyar Fatiha, ya ji shi. Ƙaras. Ƙaramin sauti, na lakilen da ya san gidansa. Sai sarƙa ta zame a jikin ƙarfe, a hankali, zobe bayan zobe.

Ya san malamai sun ce mutum na iya yanke salla don dukiyarsa. Amma tunda ya yi wayo bai taɓa juya wa alƙibla baya ba, kuma sahu uku ne a bayansa, kafaɗa da kafaɗa. Wuyansa ya ƙage. Aka tafi ruku'u, ya bi.

Ƙiii-ƙaƙ. Ƙiii-ƙaƙ.

Shekara ashirin da bakwai, bai taɓa jin kukan nan daga nesa ba.

Goshinsa na ƙasa ya ji wani rugum, da ƙarar ƙarfe a kan siminti, da nishin mutum. Sai gudun ƙafa mai ɗingishi, sai shiru.

Liman na sallama ya ratsa mutane. Can ƙasan gangare, hannun hagu, Gurgu na kwance rabinsa cikin kwata. Wanda ya hau bai san yana fizga ba, ya nemi birki bai samu ba. Ga jini a gefen siminti, ga takalmi ƙafa ɗaya. A gindin falwaya kwaɗon na nan a buɗe, da lakile a bakinsa, an liƙa masa 'yar takarda.

Ɗanlami, da ya taɓa lakwal har ya iya karatun boko, ya ɗaga ya karanta a hankali: "Zogale. Juma'a. Zariya."

Suka ja keken har kasuwa. Ƙarshen layi babu tebur, sai sawun ƙafafunsa huɗu a ƙasa. Mai sayar da ƙusa na gefe ya ce ai mutumin wata biyu kawai ya yi a wurin, kuma kwali-kwali ya sayar.

Ya'u ya miƙe ƙahon Gurgu tsakanin gwiwoyinsa, ya kama hanyar gida. Bai kai bakin gari ba ya hango wani keke jingine a ƙofar kanti, da kwaɗo ruwan tagulla. Gaba kaɗan ga wani a gindin itacen bedi. Ga na uku. Ya sa dugadugi ya tsaya.

Tun ranar yake makara da ganye, mata na yi masa faɗa. Kwaɗonsa yana nan, lakile ukun duka a aljihunsa. Amma duk inda ya ga irinsa sai ya sauka, ya jira mai keken ya fito, ya yi masa sallama, ya rage murya.

"Ɗan'uwa, lakilenka nawa?"